Wasiƙa zuwa ga Edita: Hadda yaranmu ke kawowa gasar dibet, ba muhawara ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan bani fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai game da gasar muhawara da ake yi tsakanin makarantunmu na sakandare, wadda yara ke kira dibet. Ni malamin makaranta ne, kuma ni aka ɗorawa kula da kulob ɗin muhawara a inda nake koyarwa, ba don na fi kowa iyawa ba, kawai dai ranar da firinsifal ya tambaya waye zai riƙe kowa ya sunkuyar da kai ni kuma muka haɗa ido. To tunda abin ya faɗo kaina sai na shiga bincike, ina kallon bidiyon gasannin duniya a YouTube duk sanda data ta samu, ina karanta dokokinsu, kuma gaskiya abinda na gano shine mu a nan sunan muhawara kawai muke da shi, amma gasar hadda muke yi.

Duk wanda ya taɓa zama a holin makaranta ranar dibet ya san yadda abin yake. Za a aiko da maudu'i tun saura sati biyu ko uku, kuma maudu'in nan dai shine wanda iyayenmu suka yi a zamaninsu, likita da manomi wa ya fi amfani, makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, uwa ta fi uba, haka dai. Malamin turanci ya zauna ya rubuta jawabi shafi biyu cike da manya manyan kalmomi waɗanda shi kansa sai da ya duba ƙamus, ya miƙa wa yaro yace haddace. Ranar gasa yaro ya fito ya cinye kusan minti guda yana gaida shugaban zama da alƙalai masu adalci da mai kula da lokaci da abokan karawa da 'yan kallo maza da mata, sannan ya zubo haddar nan ba ko numfashi, ya rufe da cewa da waɗannan 'yan hujjoji nasa yana fatan ya gamsar damu bai rikita mu ba. A yi tafi raf raf raf. Na ɗaya ɓangaren ya miƙe shima ya zubo tasa, ko kalma ɗaya daga maganar na farko bai taɓa ba, to ina ma ya ji ta, lokacin da wancan ke magana shi yana can yana bitar tasa a zuci kar ta zube. Kamar kurame biyu ne a kasuwa kowa na tallar hajarsa. Alƙalai kuma su duba wa ya fi turancin hanci, wa ya fi ɗaga murya da wurga hannu, su miƙa masa kofi. Idan kuwa Allah yasa yaro ya manta layi ɗaya shikenan, sai ya tsaya ƙiƙam yana kallon silin yana maimaita jimlar ƙarshe, wani lokacin ma ka hango malaminsa daga cikin jama'a yana motsa baki yana ƙoƙarin jefo masa.

Yanzu bari in gaya maka yadda sauran duniya ke yi don ka ga tazarar. Babbar gasar jami'o'i ta duniya an fara ta a 1981 a Glasgow ta Scotland, kuma Afirka ma ta karɓi baƙuncinta, an yi a Gaborone ta Botswana a 2011, an yi a Cape Town a 2019. Tsarin da suke bi ana ce masa tsarin majalisar Birtaniya. Tawaga 4 ce a ɗaki ɗaya, kowace mutum 2, biyu suna ɓangaren gwamnati biyu suna ɓangaren adawa, kuma ba kai ke zaɓar ɓangaren da kake so ba, inda aka jefa ka nan zaka kare. Maudu'in kuwa minti 15 kafin a fara ake sanar da shi. Minti 15 fa Malam Edita, ba sati biyu ba, ba waya, ba intanet, ba koci, daga kai sai abokinka sai abinda ke cikin kanku da 'yan takardun da kuka zo dasu. Kowa zai yi magana minti 7, kuma bayan minti na farko har zuwa kafin na ƙarshe abokin hamayya na da damar miƙewa ya nemi ka bashi dama ya jefo maka tambaya ko suka ta daƙiƙa 15, ka ga dama ka karɓa ka ga dama ka ce ya zauna, amma in ka ƙi karɓar ko ɗaya alƙalai sun gane tsoro kake. Tawagar da ta zo ta ɗaya a ɗaki maki 3, ta biyu 2, ta uku 1, ta huɗu ta tashi a tutar babu, haka za a yi ta yi har zagaye 9 kafin a ware masu wucewa gaba.

Na 'yan sakandare kuma, wanda ya fi shafarmu, an fara shi a 1988 a Ostireliya. Nan tawaga 2 ce, mutum 3 ke magana a kowace, minti 8 kowa, sannan a ƙarshe kowane ɓangare ya yi jawabin rufewa na minti 4. Wasu maudu'an ana bayarwa tun da wuri a je a yi bincike, wasu kuwa awa 1 kafin a fara, a rufe yara a ɗaki su kaɗai da ƙamus da kundin bayanai guda. Makin ma a fayyace yake, kashi 40 na abinda ka faɗa, kashi 40 na yadda ka faɗe shi, kashi 20 na dabara, wato ka gane ina ne ainihin inda rigimar take ka kashe lokacinka a wajen. To don Allah a irin wannan tsari ina haddar malamin turanci zata yi aiki? Tambaya ɗaya za a jefo wa yaro a minti na biyu komai ya watse.

Abu na farko da na ga ya kamata mu koya wa yara ba magana bace, sauraro ne. Yaranmu ba magana suka rasa ba, je ka tsaya bakin famfo lokacin tara ka ji yadda suke gardamar Barcelona da Madrid, wallahi har da shekarar da aka ci kofi da wanda ya zura ƙwallo zasu kawo maka. Abinda basu iya ba shine su ji maganar wani su riƙe ta yadda ya faɗe ta. Atisayen da muke yi a kulob ɗinmu mai sauƙi ne, ba ya cin ko sisi. Ranar Laraba bayan an tashi mu ja benci biyu su fuskanci juna, in ɗora wayata akan tebur ina duba lokaci, in minti ya cika in buga dasta a tebur. Yaro ɗaya ya kawo hujja, kafin na biyu ya mayar da martani dole sai ya fara maimaita abinda na farko ya faɗa da kalmominsa, har sai mai maganar ya gyaɗa kai yace eh haka nake nufi. In bai gyaɗa ba a sake. Da farko dariya ake ta yi saboda kusan kowa sai ya murɗe maganar abokinsa ya mayar da ita ta wauta don ya ji daɗin rusa ta, wani yace acaba na kawo hatsari, ɗayan ya tashi yace wai abokina yana cewa duk ɗan acaba mai kisan kai ne. A'a ba haka yace ba, zauna ka sake. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da tun da ta shigo kulob ɗin ba a jin muryarta, kullum tana bencin baya ta rufe rabin fuska da hijabi tana rubutu, ashe ita ce ta fi kowa iya wannan, da aka tashe ta ta jero hujjojin ɗaya ɓangaren guda uku a tsare fiye da yadda su masu hujjar suka faɗe su, sannan a hankali ba hayaniya tace ta biyun ta ci karo da ta ukun, ku zaɓi ɗaya. Ajin ya yi tsit. A tsohon tsarinmu na hadda wannan yarinyar ba zata taɓa shiga tawaga ba, don bata da ƙaton murya.

Rubutun nan nata ma darasi ne. Mai muhawara ba ya zama hannu rabbana, takarda yake rabawa gida gida, kowane mai magana da gidansa, ya rubuta hujjar a gajarce, a gefenta ya rubuta amsar da zai bayar, ya ja kibiya daga hujja zuwa martaninta. In ya duba takardar nan take zai ga wace hujja ce aka amsa, wacce ce har yanzu take tsaye ba wanda ya taɓa ta. Da wannan hujjar da ba a taɓa ba ake cin gasa, ka tashi kace alƙalai ku lura mun faɗi kaza tun jawabin farko har yanzu basu ce uffan a kai ba.

Sai gina hujja ita kanta, kuma nan ne nake so in ɗan daɗe. Yaranmu suna ɗauka in ka faɗi abu da ƙarfi ka kawo hujja kenan. Ɗauki maudu'in hana acaba a cikin birni, abu ne da muka gani da idonmu, Kano ta hana a Janairun 2013, Legas ma ta hana a wasu ƙananan hukumominta a 2022, to yara sun san zancen ba daga littafi ba. Yaro zai tashi yace a hana acaba saboda tana kawo hatsari, ya wuce hujja ta biyu. Sai in tsayar dashi ince don me take kawo hatsari? Yace saboda gudu suke. Don me suke gudu? Ya yi shiru, can wani daga baya yace Malam ai yawancinsu mashin ɗin ba nasu bane, akwai balas da zasu kai wa mai shi da yamma, in basu yi sawu da yawa ba ba zasu haɗa ba balle su samu na cefane. Yauwa, yanzu aka fara magana. Wato gudun nan ba halin mutum ɗaya bane da za a yi masa wa'azi ya daina, tsarin sana'ar ne ke tura shi, kenan ko an ci tarar wannan gobe wani zai yi. Sai in sake tambaya to wa abin ke faɗawa kansa? Fasinja da ba hular kwano a kansa, 'yan makaranta uku akan mashin ɗaya, magidanci da in ya karye gidansa gaba ɗaya ya tsaya. Kaga yanzu hujja ta samu ƙafafu, an faɗi abin, an faɗi yadda yake faruwa, an faɗi wanda zai cutu da girman cutar. Dokar da na kafa musu itace duk abinda ka faɗa ka tambayi kanka don me har sai ka ji ka taɓo ƙasa.

Su kuma masu adawa abinda suka saba shine su ƙaryata komai, su ce acaba bata kawo hatsari, alhali kowa a holin ya san ƙarya ne, ɗan uwan wani ma na kwance a asibitin ƙashi. Martanin da ya fi ƙarfi shine ka karɓi gaskiyar da ba ta musuwa sannan ka nuna bata kai inda suke so ta kai ba. Kace mun yarda akwai hatsari, amma hanawa ɗungurungum ce kaɗai magani? Ga rajista, ga lamba a riga, ga tilasta hular kwano, ga ƙayyade manyan titunan da ba za a hau ba. Sannan ka kawo naka, samarin da za a raba da abin yi rana ɗaya ina zasu nufa, lungunan cikin gari da Adaidaita Sahu ba ta iya shiga wa zai ɗauki tsohuwa mara lafiya, kuɗin mota da zai tashi in an rage masu jigila wa zai biya in ba talaka ba. To daga nan ne ake zuwa wajen da yaranmu basu ma san da shi ba, wato awo. Kowane ɓangare na da gaskiya a hannu, alƙali na jira a gaya masa wacce ta fi nauyi kuma don me. Masu goyon baya su ce kuɗi ana mayarwa, sana'a ana canzawa, rai kuwa in ya tafi ya tafi. Masu adawa su ce namu ya shafi mutane da yawa kullum kullum kuma tabbas zai faru, sannan akwai hanyar rage hatsarin ba tare da an jefa kowa a wahala ba. Wanda ya fi iya wannan awon shine ya ci, ko da turancinsa na tuntuɓe. In baka auna wa alƙali ba shi zai auna da kansa, kuma ba lallai ya auna yadda kake so ba.

Maganar tawaga kuma, mu abinda muke kira tawaga yara uku ne da aka ba kowa takardarsa daban. Shi yasa zaka ji mai magana na biyu ya maimaita abinda na farko ya faɗa da wasu kalmomi, ko ma ya ƙaryata shi bai sani ba, na farko yace gwamnati ce zata biya na biyu yace iyaye ne zasu biya, abokan hamayya masu wayo kuwa wannan kaɗai ya ishe su. Kowane matsayi da aikinsa. Na farko shi ke shata fili, ya faɗi me ake nufi da maudu'in, me tawagarsa zata tabbatar, ya kafa manyan hujjoji. Na biyu ya fara da rusa abinda aka ce, ya gyara nasu da aka taɓa, sannan ya ƙara sabuwa. Na uku kusan duk aikinsa martani ne da awo, ba wajen fito da sabuwar hujja bane tunda ɗaya ɓangaren ba zai samu damar amsawa yadda ya kamata ba. Kuma lokacin shiri ba a fara shi da surutu. Abinda muke yi shine mintunan farko kowa ya yi shiru ya rubuta nasa, don in aka fara da baki mai ƙaton murya ne zai mamaye, ra'ayin mai kunya ya mutu a cikinsa. Bayan nan a zagaya kowa ya faɗi, a zaɓi biyu ko uku masu nauyi a watsar da sauran ko da suna da daɗin ji, a tambayi juna me ɗaya ɓangaren zai ce wanda ya fi bamu tsoro, a shirya amsarsa tun yanzu. Lokacin da ake karawa kuma a riƙa turawa juna 'yar takarda a ƙarƙashin hannu. Ina kuma juya musu matsayi a atisaye, wanda ya saba buɗewa yau shi zai rufe, don ya ɗanɗana wahalar da yake barin abokinsa a ciki in ya shata fili a karkace.

Tambayar tsakiyar jawabi ita ce yaranmu suka fi tsoro, ita ce kuma ta fi saurin gyara su. Maganinta yawan yi ne kawai. Mu tsayar da yaro ɗaya a gaba yana magana sauran su yi ta miƙewa, ya koyi ƙarasa jimlarsa kafin ya karɓa, ya karɓi ɗaya ko biyu a inda ya san yana da ƙarfi, ya amsa a gajarce ya koma kan layinsa. Mai tambaya shima ya koyi cewa daƙiƙa 15 ba wajen wa'azi bane.

Karatu kuwa ba makawa, wanda bai san komai ba minti 15 ba zata haifar masa da ilimi ba. Kowane yaro a kulob ɗin na da littafin rubutu guda na musamman, ya saurari labaran rediyo na safe ko na yamma ya rubuta abu ɗaya da ya ji, da wanda abin ya amfana da wanda ya cutar. Cire tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu 2023 kaɗai ya bamu abin tattaunawa na makonni, don kowane yaro ya ga abinda ya faru da kuɗin mota da kwanon masara a gidansu, abinda ya rage kawai a koya masa hujjar masu cewa a cire ɗin, ya iya faɗinta da adalci ko da bai yarda da ita ba. Wani abu kuma mai arha, a ɗauki yaro a waya yana magana a nuna masa. Ba sai ka ce masa komai ba, da kansa zai ji sau nawa yace "am" da "yu no", ya ga yadda yake rawa da ƙafa yana kallon ƙasa.

Nasan wasu malamai zasu ce duk wannan ai sai mai turanci, yaranmu da ƙyar suke haɗa jimla shi yasa muke rubuta musu. Ni a ganina mun haɗa wa yaro kaya biyu ne a lokaci ɗaya, koyon tunani da koyon harshe, da ya kasa sai muka sauke masa tunanin muka bar masa harshen aro. A kulob ɗinmu da Hausa muke fara kowane sabon maudu'i, a yi ta zazzafa har kowa ya gane inda rigimar take, sannan a sake yinta da turanci, kuma wallahi turancin ma ya fi fitowa don yaro ya san me yake so ya faɗa, kalma kawai yake nema. A gasar jami'o'i ta duniya ma akwai rukuni na musamman na waɗanda turanci ba harshensu na farko bane, su ma da kofinsu. Ƙatar kuma ta kafa cibiyar muhawara tun 2008 tana shirya gasar ƙasa da ƙasa da Larabci zalla, da dokoki da alƙalai da komai. To me zai hana a yi gasar muhawara da Hausa mai irin wannan tsari, daga Sakkwato har Maraɗi da Damagaram, gidajen rediyo su watsa? Masu sauraro dai ba za a rasa ba.

Akwai kuma iyaye, wani uba ya taɓa tare ni a bakin get yace Malam naji kana koya wa yara gardama, har ana sa yaro ya kare abinda bai yarda dashi ba, wannan ba koyon ƙarya da fitsara bane? Ban ga laifinsa ba, tambaya ce mai kyau. Abinda na ce masa shine yaron da aka sa ya tsaya a takalmin wanda yake adawa dashi na minti 8 ya fi wuya ya zagi mutum don sun saɓa, kuma kowa a ɗakin ya san ƙuri'a ce ta raba ɓangarori, ba a yaudari kowa ba. Sannan ba dole bane a ɗauko maudu'in da ya taɓa aƙida, ga harkar noma da sufuri da makaranta da haraji birjik. Mu da muke da ayar da tace a yi jayayya da mutane ta hanyar da ta fi kyau a Suratun Nahli, malamanmu kuma na da fanni sukutum na ladubban bincike da munazara, an kuma ruwaito Imamu Shafi'i yana cewa bai taɓa muhawara da wani ba face yana fatan Allah ya bayyana gaskiya ko ta bakin abokin muhawarar ne, ai bai kamata a ce muhawara baƙuwa ce a wajenmu ba. Ko a tarihin siyasar Arewa, a farkon shekarun 1940 akwai zauren tattaunawa a Bauchi inda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama ana kai ruwa rana akan mulkin En'e da makomar ƙasa, a gaban Turawan mulki ma. Ba wanda ya rubuta musu suka haddace. Dubi kuma yadda muke yi yau a Facebook, mutum ya rubuta ra'ayi layi uku, amsa ta farko uwarsa za a ambata. Wannan ma ai rashin horon ne.

Amma fa duk abinda koci zai yi a banza ne in alƙalai basu canza ba, don yaro abinda ake ba maki shi zai koya. A wata gasa da aka yi a shiyyarmu yarana sun amsa hujjojin ɗaya makarantar ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suka zubo hadda tsaf ba tare da sun waiwayi namu ba, aka tashi aka ce sun ci. Ban yi rigima ba, na dai je cikin ladabi na tambayi ɗaya daga cikin alƙalan ko zai gaya wa yaran inda suka gaza don su gyara, sai yace min hukuncin alƙalai ba a tambayarsa. Na leƙa takardar makin da ke hannunsa, akwai gurbin tsaftar yunifom, akwai na gaisuwa, akwai na lafazi, babu gurbin martani ko ɗaya. A mota muna dawowa wani yaro yace Malam to mu koma hadda mana tunda ita ke ci, kuma maganar gaskiya a wannan takardar makin lissafinsa daidai ne. A gasannin duniya alƙalai na tattaunawa a tsakaninsu, a mafi yawan zagaye kuma shugabansu ya fito ya bayyana wa tawagogi dalilin da yasa wannan ta ɗara waccan, bayan haka yaro na iya bin alƙali ya tambaye shi shawara ta kansa. A gasar jami'o'i har su masu muhawarar ke ba alƙali maki akan bayanin da ya yi. Rabin koyon a nan yake.

Don haka roƙona ga ma'aikatun ilimi na jihohi da hukumomin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da duk mai ɗaukar nauyin irin wannan gasa, ba kuɗi nake cewa a ƙara ba, kuɗin lemo da kanofi da ake kashewa ma ya isa. A sa aƙalla zagaye ɗaya da za a bada maudu'i awa 1 kafin a fara, a karɓe wayoyi, malamai su tsaya a waje. A buɗe damar tambaya a tsakiyar jawabi. A gyara takardar maki a sa martani a ciki da kaso mai tsoka, a tara alƙalan ko na yini ɗaya ne a nuna musu yadda ake bin hujja a rubuce, a kuma wajabta musu bayani bayan kowace karawa. Ɗaliban jami'o'inmu da suka taɓa zuwa gasar jami'o'in Afirka, wadda Jami'ar Kalaba ma ta karɓi baƙuncinta a 2013, sun san wannan tsarin sarai, a nemo su lokacin hutu ko lokacin bautar ƙasa su horar da malamai da alƙalai. Ku kuma 'yan jarida in kun zo ɗaukar rahoton gasa, don Allah bayan hoton babban baƙo yana miƙa kofi ku ɗan rubuta mana maudu'in da aka yi da hujjar da ta ci, mu da muke koyar da yaran mu samu abin kai musu aji.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin sakandare mai kula da kulob ɗin muhawara